Tumuku: Yadda Za Ka Gane Shi, Ka Kuma Noma Shi

Tambayi 'yan ajinku su wa suka san tumuku. Masu ɗaga hannu ba za su yi yawa ba, kuma galibinsu a tafasasshe suka san shi, ba su taɓa ganin shukarsa a tsaye ba. Alhali amfanin gona ne namu na gado. Abin mamaki ma, sunan da Turawa suka ba shi fassararsa "dankalin Hausa", duk da mu abin da muke kira da wannan sunan daban ne.

Tumuku ba dangin dankali ba ne ko kaɗan. Ɗan gidan su na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya, dangin da masana tsirrai ke kira Lamiaceae. Masu rubuta furojet su lura: a tsofaffin littattafai za ku gan shi da sunan Solenostemon rotundifolius ko Plectranthus rotundifolius, amma tun 2019 aka mayar da shi Coleus rotundifolius. Shuka ɗaya ce, kada sunayen su ruɗa ku. Ana noma shi a tsakiya da arewacin Najeriya, da arewacin Gana, da Burkina Faso, har kudancin Indiya da Siri Lanka.

To, ya ake gane shi? Fara da karan. Ka murza shi tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa huɗu gare shi, ba zagayayye ba ne. Ganyayen bibbiyu suke fitowa, suna fuskantar juna a kowace gaɓa, masu ɗan kauri, bakinsu kamar haƙoran zarto, wasu da tabo mai duhu a tsakiya. Idan ka murtsuke ɗaya za ka ji ƙamshi. Shukar ba ta tsawo, tana kwantawa ne ta bazu a ƙasa. Furanninta ƙanana ne, shuɗaye masu haske da suka ɗan karkata zuwa shunayya, jere a kan wani siririn tsinke a sama, kowane da leɓe biyu.

A nan ne mutane ke rikita shi da rizga, don 'yan'uwan juna ne. Furen rizga rawaya ne, karanta a miƙe yake da gashi-gashi, 'ya'yanta dogaye kamar yatsu. Na tumuku kuwa dunƙulallu ne, ƙanana, masu baƙi-baƙin ɓawo, a cure a gindin shukar.

Da wuya furensa ya ba da ƙwayar iri, shi ya sa ake shuka 'ya'yan da suka fara tsiro, ko a yanko kara mai tsawon santimita 10 zuwa 15 a dasa. Ma'anar wannan ita ce, duk shekarar da gari bai ajiye iri ba, to irin nan ya tafi ke nan, sai an je nema wani wuri.

A shuka da farkon damina, a kan kunya, a ƙasa mai yashi-yashi da aka zuba wa takin gargajiya. A bar tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin shuka da shuka. Kwanciyar ruwa ce babbar abokiyar gabarsa. In ya fara bazuwa sai a riƙa tura ƙasa kan rassan, domin gaɓar da ƙasa ta rufe tana fitar da saiwa ta yi 'ya'ya. Kada a sa shi inda aka cire tumatir ko kuɓewa, saboda tsutsar nematod mai sa saiwa ƙulu-ƙulu tana kama su duka.

Ɗan hostal ma ba shi da uzuri. Buhun siminti da aka wanke aka huda gindinsa ya isa gwaji.

Bayan wata 5 zuwa 6 ganyen zai yi rawaya ya fara bushewa, sai a tona a hankali don kada fartanya ta sare 'ya'yan. Waɗanda za a bari na iri, a binne su cikin busasshen yashi a inuwa har damina ta zagayo.