Yadda Baƙo Ke Zama Ɗan Ƙasa

Ran Asabar ina Kasuwar Wunti, sai wani tela mutumin Maraɗi ya ce mini, "Malam, shekarata 20 a Bauchi, matata kuma 'yar Wunti ce. Ashe har yanzu ni baƙo ne?" Ga amsar da na ba shi, ko za ta amfane ku ran da kuka kama aji.

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba da hanya uku: haihuwa, rajista, da roƙo. 'Ya'yan telan 'yan ƙasa ne tun ran haihuwa, saboda uwarsu. Rajista kuwa ta baƙuwar da ta auri ɗan ƙasa ce, da wanda kakansa ɗan ƙasa ne. Ba a ba miji wannan dama ba. Saura roƙo, watau Sashe na 27.

Wajibi ne mai roƙo ya shekara 15 a ƙasar, ya zama mai halin kirki, mai amfanin jama'a. Sai Gwamna ya ga mutanen wurin sun karɓe shi, ya saje da su. Sa'an nan ya yi rantsuwar biyayya, Shugaban Ƙasa ya ba shi takarda. Kafin wannan ba shi da ƙuri'a.

Tela ya yi murmushi, ya ce, "Ashe maƙwabta su ne shaiduna."

To, 'yan'uwa, ku koya wa yara haka: zaman lafiya da maƙwabci ma yana cikin doka.