Ramin da bai rufta jiya ba yana iya ruftawa yau

Ni malamin jami'a ne, kuma abin da na daɗe ina bincike a kai shi ne yadda ake haƙa hanya a ƙarƙashin ƙasa ba tare da ta danne masu aikin ba. Ɗalibaina sun fi son labarin manyan ayyuka, irin hanyar jirgin ƙasa ta Gotthard da aka buɗe a Suwizalan a 2016, mai tsawon kilomita 57 a cikin dutse. Ni kuwa kullum hankalina na wurin masu ginin rijiya da mahaƙa zinariya na gida, domin ilimin ɗaya ne, kuma su ne muke binnewa.

Kowace irin ƙasa tana da iyakar lokacin da za ta tsaya ba tokari. Dutse mai ƙarfi yakan yi shekaru, jiƙaƙƙen yashi kuwa ba ya ko jira ka juya. Ruwan sama yana rage wannan lokacin ƙwarai, shi ya sa ramin da aka yi rani ana shiga lafiya yake cin mutane da damina. Haka ta faru a Galadima Kogo ta jihar Neja a Yunin 2024, bayan an tafka ruwa. Kafin nan, a Nuwamban 2021, ramin zinariya ya hallaka mutum 18 a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi. Ƙasar da faɗinta da tsawonta da zurfinta suka kai mita guda-guda ta kai nauyin buhun siminti talatin. Wane ƙirji ne zai ɗauki wannan?

Sau da yawa ƙasa takan yi gargaɗi: tsagewa a bakin rami, ɓarɓashi na zubowa, ruwa mai laka na tsattsafowa, itacen tokari na ƙara. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, ya fito. A kuma daina tara ƙasar da aka haƙo a bakin ramin, nauyinta ne ke tura bangon.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne iska, domin ita ba ta gargaɗi. Na taɓa zuwa wani ƙauye inda rijiya ɗaya ta ci mutum uku. Na farko ya shiga yasa, an kunna injin jan ruwa mai fetur a ciki, hayaƙin ya sumar da shi. Ƙanensa ya bi shi, maƙwabci ya bi ƙanen. Wallahi zumunci ne ya tura su, amma da igiya a ƙugun na farko, da daga sama za a jawo shi. Fitilar da wasu ke zurawa don gwaji tana nuna ƙarancin iskar shaƙa ne kawai. Ba ta gane gubar hayaƙin inji, kuma inda akwai iska mai kamawa da wuta, ita kanta masifa ce.

Ban raina gwanintar mahaƙanmu ba. A Silkiyara ta Indiya a 2023, da rami ya rufta da ma'aikata kuma injin haƙan ceto ya karye, masu haƙa da hannu irin namu ne suka ƙarasa aikin, aka ceto ma'aikata 41 bayan kwana 17.

Roƙona ga sarakunan ma'aikata da masu unguwanni: kada a bar kowa ya sauka rami ba igiya a jikinsa da mai tsaro a sama, kuma inji ya tsaya a waje. In wani ya suma a ƙasa, don Allah a riƙe ɗan'uwansa kada ya bi shi.