Darasi: Yadda Ake Maido da Wayar da Aka Fasa wa Makulli

Kamfanin Apple na Amurka ya fito da wayar iPhone a 2007, kuma ya sa mata makulli don a riƙa bin ƙa'idarsa wajen saka manhajoji. Wasu masu waya sukan fasa makullin nan, abin da Turawa ke kira jelbirek. Wayar da aka yi wa haka tana iya yawan tsayawa, ɓarayin intanet suna samun ƙofar shiga cikinta, kuma manhajojin banki da yawa ba sa yarda su yi aiki a kanta. Wanda ya sayi wayar hannu ta biyu yana iya tarar da ita a wannan hali.

Kafin a fara gyara:

1. A kwashe hotuna da lambobi a adana a kwamfuta ko a iCloud, domin gyaran yana share komai.
2. A tabbatar an san sunan asusun Apple ID da kalmar sirrinsa, sannan a kashe Find My. Tun 2013 wayar da aka share ba ta buɗewa sai da asusun mai ita.
3. A sami kwamfutar cinya mai cikakken caji, da kebul mai kyau, da intanet mai ƙarfi.

Babban kuskuren da ake yi shi ne share wayar daga cikin saitinta. Wayar da aka fasa takan maƙale a kan hoton tuffa, ta ƙi tashi. Da kwamfuta ake aikin, ta hanyar iTunes, ko Finder a kwamfutar Mac.

A haɗa waya da kwamfuta. In iPhone 8 ce ko wadda ta biyo bayanta, a danna maɓallin ƙara sauti a saki, a danna na rage sauti a saki, sannan a riƙe na gefe har hoton kwamfuta da kebul ya bayyana. In iPhone 7 ce, a riƙe na rage sauti da na gefe tare. Daga nan a zaɓi "Restore". Kwamfuta za ta sauko da sabuwar manhajar iOS ta saka, makullin ya koma yadda yake. In saukowar ta wuce minti 15, wayar takan fita daga wannan hali. Sai a bari ta gama, a sake danna maɓallan.

Kada a zare kebul sai wayar ta tashi da kanta. Haƙuri maganin zaman duniya.

Tambayoyi:

1. Me ya sa ake adana hotuna kafin gyara?
2. Wane kuskure ne ke sa waya ta maƙale?
3. Yaushe ake zare kebul?