Zirin Fim a Kan Hoto: Kada a Matse Fuskar Amarya

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin gyaran hoto da tsara kalanda da katin gayyata. A 'yan shekarun nan, babu adon da ake yawan nema a shagona kamar zirin fim, wato baƙin zirin nan mai ƙananan huda gefe da gefe, wanda ake jera hotuna a cikinsa kamar nagatif ɗin da masu hoto na da suke haɗo wa mutum a ambulan bayan an wanke masa hoto. Ado ne mai kyau, amma yawancin waɗanda nake gani a kalandar biki da sitika an ɓata su. Ni ma na taɓa ɓatawa.

Ina sabon hannu aka kawo mini aikin kalandar wani biki. Hotuna biyar ne, huɗu a tsaye aka ɗauke su da waya, guraben da na zana kuwa a kwance suke. Ƙyuyar sake zane ta sa na ja hotunan ta gefe har suka cika gurbi, aka buga kwafi 200. Washegari sai ga gwaggon amarya. Ta shimfiɗa kalandar a teburina, ta ɗora yatsa a kai, ta ce, "Ɗan nan, wannan mai fuska kamar faifai 'yar gidan wa ce? Mu dai ba ita muka aurar ba." Na ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, laifina ne." Da kuɗin aljihuna aka sake bugawa.

Daga ranar na koma na nemo tsohon nagatif na sa ruler na auna, sai na gane abin yana da ƙa'ida. Faɗin fim ɗin milimita 35 ne. Kowane hoto a cikinsa tsawonsa milimita 36, tsayinsa 24, wato uku bisa biyu, da tazarar kimanin milimita 2 tsakaninsa da na kusa da shi. Kowane hoto kuma yana da huda takwas a sama, takwas a ƙasa. Kyamarar Leica da ta fito a Jamus a 1925 ce ta yaɗa wannan ma'auni, sannan Kodak ya fitar da gwangwanin fim mai lamba 135 a 1934, irin wanda ya yi ta yawo a hannun masu hoto, mai cin hoto 24 ko 36. Fim ɗin silima shi huda huɗu yake da su a kowane gefen hoto. Wanda ya taɓa riƙe nagatif, ko bai ƙirga ba, idonsa zai gaya masa idan an yi kuskure.

Ga yadda nake yi a Photoshop. Nakan fara da baƙin ziri a kan wannan ma'auni. Sai in zana huda guda ɗaya mai kusurwa huɗu, in ɗan daɗe bakin kusurwoyin, in kwafe ta da tazara iri ɗaya har ƙarshe. Kowane gurbi ina ba shi shimfiɗarsa daban, in ɗora hoton a kansa da umarnin Clipping Mask. Da haka hoton zai leƙo ta gurbin kamar ta taga, abin da ya yi rara ya ɓuya, ba tare da an ja ko an matse komai ba. Idan hotunan a tsaye suke, dabarar da na rasa a wancan bikin ita ce a miƙar da zirin tsaye, guraben su ma sai su tsaya. Mai son zirin ya yi lanƙwasa ya fara mayar da aikin Smart Object kafin ya taɓa Warp, kuma ya sassauta hannu, don lanƙwasa mai yawa ita ma tana karkatar da fuska. Wanda ba shi da Photoshop, manhajar GIMP kyauta ce, kuma tana da Filmstrip shiryayye a ƙarƙashin Combine.

Jeren hotunan ma ba a yinsa da ka. Fim a jere yake ɗauka, don haka ido yana karanta zirin kamar labari. In biki ne, sa lalle ya riga ɗaurin aure, ɗaurin aure ya riga kai amarya. Hoto huɗu zuwa shida sun wadatar; in sun wuce haka, fuskoki sai su koma kamar ƙwayar gero.

Ku kuma masu kawo mana aiki, ku taimake mu da asalin hoto. Hoton da za a buga inci 6 da 4 yana buƙatar fiksel 1800 da 1200 kafin ya fito tas. Wanda ya bi ta waya uku a WhatsApp, ko aka ɗauko daga sitatus, ya riga ya sha matsa, babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake. Ku turo shi a matsayin dokumen. Kafin kuma a sa hoton ƙawayen amarya a abin da za a raba wa jama'a, a nemi yardarsu. Sannan ku dage a buga muku kwafi ɗaya ku duba kafin a saki inji.

Kwafi ɗaya na waccan kalandar har yau yana manne a bangon shagona, daidai saitin kwamfuta. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, ita nake fara nuna masa, sannan in miƙa masa nagatif in ce ya ƙirga mini hudar.