Yadda Ake Zaɓa wa Tsohon Babur Ƙwan Fitilar Gaba

Baburan da suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980, irin su Honda Benly da Roadmaster da CG125 na farko-farko, da Vespa, da Suzuki A100, ba su ƙare ba. Har gobe akwai masu riƙe da su a Kano da Zariya da Maraɗi, wani gado ya ci, wani kuma sha'awa ce kawai. Injinsu bai cika ba da wahala ba. Inda ake kai ruwa rana shi ne fitila: a sayo ƙwai yau, jibi ya ƙone, ko kuwa ya kama amma haskensa bai fi na aci-balbal ba.

Dalili shi ne ƙwan da ya cika shaguna a yau don baburan zamani aka yi shi. Tsohon babur kuwa shi ke faɗin ƙwan da zai karɓa, kuma abu huɗu yake dubawa: yawan bolt, irin wutar da ke zuwa fitilar, siffar gindin ƙwan, da yawan wat. In ɗaya ya saɓa, kuɗinka ya tafi a banza.

Mataki na ɗaya: ciro tsohon ƙwan ka dube shi

Kashe babur, ka bari fitilar ta huce. Kwance sukurun da ke riƙe da zoben fitila, ka zaro kwanon a hankali don kada wayoyi su tsinke. Wani ƙwan dannawa ake yi a murɗa, wani kuma wata 'yar waya mai tsalle ce ke danne shi.

Kada ka yi saurin jefar da shi, domin ruwa ba ya tsami banza. In gilashin ya yi baƙi daga ciki, tsufa ne, ya ci zamaninsa. In gilashin garau yake amma siririn zaren da ke ciki ya karye, jijjiga ce, sai a duba ko fitilar tana rawa a mazauninta. In zaren ya narke har bakinsa ya dunƙule, wuta ce ta yi masa yawa, kuma sabon ma haka zai ƙare muddin ba a gyara tushen ba. In cikin ya yi fari kamar hayaƙi, iska ce ta shiga ta wata tsaga. Sannan ka karanta rubutun da ke jikin ƙarfensa, misali 6V 25/25W. Amma ka tuna babur mai shekara arba'in ya bi hannu da yawa, ta yiwu wani ya taɓa sa masa abin da ba nasa ba. Saboda haka sai an tabbatar daga jikin babur ɗin.

Mataki na biyu: bolt 6 ne ko 12?

Mafi yawan ƙananan baburan Japan da aka ƙera kafin farkon shekarun 1980 bolt 6 suke amfani da shi, daga baya aka koma 12. Hanya mafi sauƙi ita ce ka dubi batir. Kowane ɗaki na batirin ruwa bolt 2 yake bayarwa, don haka mai marufi uku bolt 6 ne, mai marufi shida kuma 12. In babu batir, duba rubutun jikin hon ko na ƙwan baya, ko kuma mai rewaya ya auna maka da mita inji na aiki.

Ƙwan bolt 12 a babur mai 6 ba zai ƙone ba, sai dai ya yi ja-ja, ba ya haska komai. Ƙwan bolt 6 a babur mai 12 kuwa walƙiya ɗaya zai yi ya mutu. Ko ƙarin da bai kai haka ba yana da illa: in wuta ta haura abin da aka rubuta da kashi 5 cikin ɗari, haske zai ƙaru da kusan kashi 20, amma kwanan ƙwan zai ragu da kusan rabi.

Mataki na uku: daga ina wutar take zuwa?

Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Murɗa makulli ba tare da ka ta da inji ba, ka kunna fitila. In ta kama, daga batir take sha, wutar da ake kira DC. In ba ta kama ba sai an buga kik, kuma haskenta yana ƙaruwa in an ja totur, yana raguwa in an saki, to kai tsaye take sha daga kwayil, wato AC. Tsofaffin Vespa marasa batir da ƙananan Honda da yawa haka suke.

Da yawa daga irin waɗannan baburan ba su da ragileta mai daidaita wuta. Maƙeran sun auna abin da kwayil ke fitarwa ne daidai da abin da ƙwan gaba da na baya da na agogon gudu za su sha gaba ɗaya. Da zarar na baya ya ƙone, rabonsa sai ya koma kan na gaba, shi ma ya bi shi. A wasu kuma batir ne ke shanye rarar wutar, shi ya sa mai yawo da mataccen batir, ko wanda ya cire shi ɗungurungum, ba ya rabuwa da sayen ƙwai. Kafin ka sa sabo, tabbatar sauran fitilun duk suna kamawa, batir yana da ruwa kuma yana riƙe caji. In mai rewaya ya auna a bakin soket, aka ja totur ya ga wuta ta wuce bolt 7 da rabi a babur mai 6, ko ta haura 14 da rabi a mai 12, gyara ake fara yi, ko a ƙara masa ƙaramar ragileta.

Mataki na huɗu: gindin ƙwai

Kwanon fitila madubi ne mai lanƙwasa, kuma yana da gurbi ɗaya tak da in zaren ƙwai ya zauna a nan, haske zai tattaru ya miƙe gaba. In zaren ya goce da 'yan milimita kaɗan, hasken sai ya watse, ka ga bishiyoyi da rufin gidaje sun yi fes, kwalta kuwa duhu. Aikin gindin ƙwai shi ne ya ajiye zaren a wannan gurbin. Shi ya sa dabarar nan ta goge kunnen ƙwai da zarto, ko ɗaure shi da waya don ya shiga, asara ce ko da ya kama.

Ga waɗanda aka fi haɗuwa da su. BA20d gindinsa zagayayye ne mai kaurin milimita 20, da kunnuwa biyu a gefe da ɗigon dalma biyu a ƙasa, shi ne na akasarin tsofaffin Vespa da baburan Turai. P15d ƙarami ne mai faifai kewaye da wuyansa, ana samunsa a Honda Cub da danginta, kuma shi kansa iri-iri ne, don haka a ƙirga kunnuwan faifan. P36d shi ne na baburan Ingila irin su BSA da Triumph da Norton masu kayan wutar Lucas. P45t mai faffaɗan faifai ne da ƙafa uku. Sai H4, wanda ya fito a 1971, da ƙaninsa HS1 da suke kama ƙwarai, amma na farko wat 60/55 ne, na biyu 35/35. Ba sai ka haddace su ba. Riƙe tsohon a aljihu, a jera shi da sabon a kan kanta, a gwada kunnuwa da tsayin zaren daga gindi.

Mataki na biyar: wat

Lambobin nan biyu, kamar 25/25 ko 35/35, na zare biyu ne da ke cikin ƙwai ɗaya, na ful da na dim. Kwaɗayin da ke kama kowa shi ne ya sayi mai lamba babba. Amma kwayil ba ya ba da abin da ba shi da shi. Dinamon Lucas E3L da ke jikin baburan Ingila da dama wat 60 kacal yake fitarwa, kuma daga ciki za a ciyar da fitilar gaba da ta baya da cajin batir. Ƙananan baburan Japan masu bolt 6 kuwa ƙwansu bai cika wuce wat 25 ba. Ka sa wa irinsu mai 60, in AC ne sai wutar ta faɗi ƙwan ya dushe, ya kasa kai hasken ƙaramin da ka raina. In DC ne sai ya tsotse batir, ka wayi gari hon ba ya ko tari.

Akwai kuma lissafin waya. Raba wat da bolt, ka sami amfiya. Ƙwai mai wat 35 a bolt 12 kusan amfiya 3 yake ja, a bolt 6 kuwa kusan 6. Wayoyi da makunnin da suka kwana biyu zafi suke yi da irin wannan nauyi. Ka tsaya a kan abin da maƙera suka sa.

Mataki na shida: na gargajiya, halojin ko LED?

Ƙwan gargajiya mai zaren tangistin ya fi araha, kuma shi kwanon ya sani. Halojin mai gindi ɗaya da wat ɗaya ya fi shi haske da fari ba tare da ƙarin nauyi a kan kwayil ba, don haka ga mafi yawan masu tsohon babur shi ne zaɓi mafi kwanciyar hankali. Sai dai ya fi zafi, a lura in akwai roba kusa da shi.

LED wuta kaɗan yake sha, amma yana da sharuɗɗa. Da yawansu DC kawai suke karɓa, a kan AC sai su riƙa ƙyaftawa ko su mutu. Tun da ba ya shan abin kirki, a babur marar ragileta rarar wutar za ta faɗa wa sauran ƙwayayen. Akasarin tsofaffin baburan Ingila kuma ɓangaren batir mai alamar tarawa suke haɗawa da jikin babur, akasin na Japan, kuma LED da yawa ba sa kamawa in aka juya musu. Uwa-uba, in ƙwayoyin haskensa ba su zauna daidai gurbin zaren ba, masu tahowa kawai za ka kashe wa ido. In ka nace sai shi, nemi wanda aka rubuta AC/DC da bolt ɗin babur ɗinka, ka fifita mai hasken da ya ɗan yi rawaya, wajen 3000K zuwa 4300K. Mai fari fat na 6000K ya fi dawo wa mutum ido a ƙurar hunturu.

Mataki na bakwai: a shago

Kada ka ce wa mai kaya, "Alhaji, ba ni mai haske sosai." Ka ce, "Alhaji, irin wannan nake so, bolt 6, wat 25/25, a gwada mini ful da dim." Ɗaga shi sama ka duba: zaren biyu su tsaya a miƙe, gilashin kada ya yi motsi a kan gindinsa, dalmar ƙasa ta zama sumul. Mai bolt 6 ya fara wuya, sai a manyan kasuwanni irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko wajen masu sayar da kayan Vespa. In ka samu mai kyau, sayi biyu, har da na baya.

Mataki na takwas: ɗaurawa da saiti

Kada yatsa ya taɓa gilashin halojin, domin maiƙon hannu yana ƙonewa a kai ya rage masa kwana. Kama shi da tsumma mai tsabta. Kankare tsatsar soket, ka ɗaure wayar da ke komawa jikin babur tam. A bolt 6, asarar ɗan abin da ya haura rabin bolt a wata ruɓaɓɓiyar mahaɗa tana cinye kusan kashi 30 na haske. Cikin kwanon kuwa hure ƙura kawai za ka yi, in ka dirje shi ƙyallin zai bi tsumma. Wanda ya riga ya dushe sai canji, babu ƙwan da zai rufa masa asiri.

Da dare, tsayar da babur a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 5 daga bango, ka zauna a kai. Wani ya auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ya ja layi da alli a bangon daidai wannan tsayin. Kunna dim: saman hasken ya tsaya kamar santimita 5 ƙasa da layin. In bai tsaya ba, sassauta kusoshin gefen fitila ka sunkuyar ko ka ɗaga. Duba kuma gefen da hasken ya fi karkata. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, amma Ingila da Japan hagu suke bi, don haka gilashin babur ɗin da aka yi don hanyoyinsu yana iya jefa haske cikin idon mai tahowa. Irin wannan gilashin canza shi ake yi.

In komai ya zauna, rubuta bolt da wat da lambar gindin a takarda ka liƙa a cikin murfin batir. Naɗe ƙwai na biyun a tsumma ka sa a akwatin sufanu tare da sukudireba. Ranar da na jiki ya mutu a tsakanin gari da gari, aikin minti biyar ne a gefen hanya.