Yadda Ake Haɗa Kwamfutar da Za Ta Jure wa Filin Haƙar Ma'adinai

Kwamfutar ofis ba ta yin tsawon rai a filin haƙar zinare. A bakin ramukan Shiroro, Munya, Rafi ko Paikoro, ƙurar injin niƙa dutse na jiranta, ga zafin Maris da Afrilu mai kusantar digiri 40, ga ruwan damina mai sauka ba sallama, ga jijjigar hanya a bayan babur ko a-kori-kura. In ta tsira daga waɗannan, wutar janareto mai hawa da sauka ta ƙarasa ta. Amma aikin ba ya yiwuwa sai da ita. Ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya da lambobin GPS yake tantance iyakar lasisi. Mai nazarin duwatsu yana bukatar rubuta inda ya ɗauko kowane samfuri. Na'urar hannu ta XRF, irin wadda aka auna dalma da ita a ƙauyukan Zamfara bayan annobar gubar dalma ta 2010, sai an kwashe sakamakonta an adana. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda ta fara aiki a harabar Bosso a 1983 kafin a gina ta Gidan Kwano, su ne za su riƙe waɗannan na'urori gobe, wasunsu ma su ƙera su. Don haka ya kamata a san yadda ake haɗa mai ƙarko tun daga ciki.

Da fanka ake farawa. Kwamfutar ofis tana zuƙar iska ta ƙasa, ta bi da ita kan sassan da ke zafi, ta fesar ta gefe. A filin niƙa dutse wannan iskar cike take da garin dutse mai kaifi, wanda ke cinye gindin fanka, ya toshe hanyar iska, in ya haɗu da laimar damina kuma ya zama taɓo a kan fanel ɗin da sassan lantarki ke manne a jikinsa. Saboda haka mai ƙera kwamfutar daji yakan cire fankar gaba ɗaya, ya toshe duk wata kafa. A manyan injuna masu aiki da ƙarfi akan bar fanka, amma a wani ɗaki na daban da ke wajen sashen da aka rufe, yadda iskarta ba za ta taɓa fanel ba.

To ina zafin zai bi? Nan ne gwanintar take. Da farko ana zaɓar ƙwaƙwalwa mai cin wuta kaɗan, ko da kuwa za ta ɗan rage gudu. Sai a ɗora mata siririn bututun jan ƙarfe wanda aka zuƙe iskar cikinsa, aka sa ɗan ruwa, aka liƙe bakinsa. Ruwan yakan zama tururi a ɓangaren da ke kan ƙwaƙwalwa, ya gudu zuwa ɗaya ɓangaren mai sanyi, ya koma ruwa, ya dawo ta jikin bututun. Haka zai yi ta kai da komo ba tare da wani abu mai juyawa ba. Ƙarshen bututun yana manne da gangar jikin kwamfutar, wadda ake zubawa da magniziyam ko alminiyam, sau da yawa da tsaga-tsaga a baya don iska ta samu wurin shafa. Wato jikin ne da kansa ke fitar da zafin. Wanda ya taɓa irin wannan kwamfuta ya ji bayanta da ɗumi kada ya tsorata, aikinta take yi. Sassan cikin ma ba na kasuwa ba ne: akwai rukunin da ake ƙerawa don masana'antu, masu aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 85.

Daga nan sai ma'ajiyar bayanai. Tsohon faifai yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani. Faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa ta kankare bayanan shekara guda. Ma'ajiyar SSD ba ta da abin da ke motsi, ita ake sawa. Duk waya ko katin da a kwamfutar ofis ake cusawa kawai, a nan sai an ɗaure shi da sukuru ko an liƙe shi, domin jijjiga ba ta karya abu nan take. A hankali take sassauta shi, har ranar da kwamfuta za ta ƙi tashi ba wanda ya san dalili. Fanel ɗin kansa ana shafe shi da wani siririn ruwan roba mai bushewa garau don kare shi daga laima, a ɗora shi a kan ƙafafun roba masu shanye girgiza.

Sai rufewa. Tsakanin rabi biyu na jiki ana shimfiɗa gaskit na silikon, a ɗaure sukurori da ƙarfi daidai wa daida, domin wanda aka matse fiye da kima yakan murɗe robar ya buɗe kafa a wani wurin. Kowace kafar USB da ta caji tana da ƙofarta mai leɓen roba. A kwamfutar da ake kafawa cikin motar haƙa, ana amfani da soket mai zare irin M12, wanda ake murɗawa ya kulle. Akwai kuma wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba. Akwatin da aka rufe ruf, in ya sha rana iskar cikinsa takan kumbura, in ruwan sama ya sauka a kansa ta tsuke nan da nan, kamar yadda jarkar da aka rufe da rana kan motse da dare. Wannan tsukewar ce ke janyo ruwa ta gefen gaskit. Maganinta ɗan ƙaramin huji ne da aka rufe da wata fatar roba mai barin iska ta wuce, ta hana ɗigon ruwa da ƙura.

Allon kallo shi ne ya fi tsada, kuma shi aka fi rainawa wajen saye. Hasken allon kwamfutar ofis bai cika wuce nit 300 ba, a ranar Minna ba abin da za ka gani sai fuskarka. Na daji yakan kai 1,000 ko fiye. Ana manne gilashi mai tauri da allon da wani danƙo garai-garai, yadda ba sauran iska a tsakani, sai ƙyalli ya ragu, raɓa kuma ta rasa wurin taruwa. Ana kuma saita shi ya karɓi taɓawar safar hannu, ya yi watsi da ɗigon ruwa.

Wuta ba ta bukatar dogon bayani. Yawancin kwamfutocin cikin mota suna karɓar daga bolt 9 zuwa 36, da kariya daga tsallen wuta lokacin tayar da inji. Na hannu kuma sukan zo da batir biyu, a cire ɗaya a sa wani ba tare da an kashe su ba. Abin kiyayewa shi ne batirin litiyam ba ya son caji in zafinsa ya wuce digiri 45, don haka a inuwa ake caji, ba a kan bonet ba.

Bayan haɗawa sai gwaji, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Lambobi biyu da ake rubutawa bayan haruffan IP a jikin na'ura ko kwalinta daga ƙa'idar IEC 60529 suke. Ta farko ta ƙura ce: 6 na nufin an sa na'urar cikin ɗakin da garin talk ke tashi, dutsen nan mai laushi da ake yin hoda da shi, irin wanda ke kwance a ƙasar Kagara, ana zuƙar iskar cikinta har tsawon awa takwas, aka buɗe ba a ga ƙura ba. Ta biyu ta ruwa ce: 5 na nufin feshin tiyo na lita 12.5 a minti ɗaya, 7 kuma nutsarwa a zurfin mita ɗaya na minti 30. Jure nutsarwa ba ya nufin jure feshi, gwaji biyu ne mabambanta. Sai MIL-STD-810, kundin gwajin kayan sojan Amurka, wanda bugunsa na H ya fito a 2019. A ciki akwai sakin na'ura sau 26 daga tsayin santimita 122, a kan kowace fuska shida, gefe goma sha biyu da kusurwa takwas, akwai gashi, daskarewa da girgiza. Sai dai sojan Amurka ba ya ba kowa takardar shaida. Kamfani ne ke zaɓar gwajin da zai yi, wani a ɗakin gwajinsa, wani a na wasu. Kamfanonin da suka daɗe a harkar, irin Panasonic da ya fito da Toughbook a 1996 da Getac na Taiwan, sukan bayyana wane gwaji suka yi. Wanda ya buga lambar a kwali kawai bai gaya maka komai ba.

Ramin kwal wata duniya ce daban. Inda iskar metan ke taruwa, tartsatsi ɗaya ya isa, don haka sai na'urar da ke da shaidar ATEX ko IECEx da ta dace da ramin. Ƙarko kaɗai bai wadatar ba, kuma kada a kuskura a shiga da haɗin gida.

Sabuwar irin wannan kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin mai haƙa, kuma ni a ganina nan ne matasan Bosso ke da abin yi. Hanya ɗaya ita ce tokumbo: a duba ƙofofin roba ko sun tsage, a duba ko an taɓa kwance ta aka mayar da gaskit a karkace, a kunna ta a tsakar rana a ga allon. Hanya ta biyu, ga na'urar da za a kafa wuri ɗaya, kamar ta ma'aunin nauyi ko ta lura da ruwan rami, ita ce haɗin hannu. A samo ƙaramar kwamfuta marar fanka da akwatin lantarki mai IP65. In akwatin na roba ne zafi ba zai fita ba, sai a nemi na alminiyam, ko a yanke baya a sa farantin alminiyam da gaskit, a manne kwamfutar a jikinsa. Wayoyi su shiga ta ƙasa, ta cikin maƙogwaron roba mai zare, a bar wa kowace ɗan lanƙwasa yadda ruwa zai ɗiga ƙasa kafin ya kai bakin akwati. A guji gam ɗin silikon mai warin tsami, tururinsa yana cin jan ƙarfe. A jefa ƙunshin ƙwayoyin shan laima a ciki, a yi wa akwatin rumfa. Kafin a sa komai, a gwada shi fanko: a sa takarda mai laushi a ciki, a rufe, a fesa masa ruwa ta kowane gefe, a buɗe a duba.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a kan rufaffen jiki, kuma ya wuce kare dukiya. A 2015 gubar dalma ta kashe yara 28 a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi, ciki har da Shikira, saboda dutsen zinaren yankin yana ɗauke da dalma, ƙurarsa kuma ta shiga gidaje. Kwamfuta mai fanka da ta wuni kusa da injin niƙa ta haɗiyi wannan ƙura, da dare a kunna ta a ɗaki ta feso ta inda yara ke rarrafe. Mai rufaffen jiki ana iya wanke ta a bar dattin a inda aka samo shi. Don haka a ƙarshen kowane wuni a rufe ƙofofinta duka, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma tun a filin aiki. Kada a hure ta da baki, kada a busa mata iskar kwamfuresa. Tsumman da jakarta su kwana a wurin aiki tare da takalma da kayan aiki. A kwafe bayanan ranar zuwa wata ma'ajiya ta biyu da ba ta zuwa bakin rami. Kafin faɗuwar damina kuma a bi ƙofofin roba ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta bushe ko ta daina kamawa a sauya ta.