Rigar ruwa: abin da sabon zuwa Birtaniya zai sani kafin ya zaro kuɗinsa

Yawancin 'yan'uwanmu masu zuwa karatu ko aiki a Birtaniya suna sauka ne a watan Satumba ko Janairu, kuma kusan kowa da jibgegiyar rigar sanyi a akwati, wadda aka zaɓo masa a gwanjon Ƙofar Wambai ko wata kasuwa irinta, saboda an ce masa ƙasar sanyi za shi. Ba a yi masa ƙarya ba, sai dai rabin labarin aka ba shi. Sanyin Birtaniya bai kama ƙafar na Kanada ko Rasha ba. Abin da ke galabaitar da baƙo a nan shi ne jiƙa, sannan iska ta bi ta kan jiƙar.

Ruwan da ke sauka a Landan a shekara bai wuce milimita 600 da 'yan kai ba, wato bai ma kai na Kano ba. Amma na Kano a cikin wata huɗu yake juyewa, a fake a rumfa, ya ɗauke, rana ta fito kowa ya kama gabansa. Nan kuwa babu damina babu rani. Yayyafi ne marar ƙarfi da zai iya wuni yana yi, yau da gobe da jibi, kuma idan a yammacin ƙasar aka ajiye ka, kamar Glasgow ko Cardiff inda iskar tekun Atlantika ke fara sauke kayanta, ruwan shekara ya haura milimita 1,000. Ba wanda ke fakewa, domin bas ba ta jira, lacca ba ta jira, wanda kake kula da shi a wurin aiki ma ba ya jira. Lema tana da amfani a ranar da iska ta kwanta. Ranar da ta tashi, za ka ga gawarwakin lemomi a kwandon shara a kowace kwana. Saboda haka rigar ruwa ce abin saye na farko, kafin ma rigar sanyi mai kauri.

Tsare ruwa daga waje tsohon ilimi ne. Tun 1823 wani mutumin Glasgow, Charles Macintosh, ya yi rajistar dabarar manna roba tsakanin yadi biyu. Ruwa ba ya shiga, to amma zufa ma ba ta fita, kuma duk wanda ya taɓa sa rigar ledar 'yan acaɓa ya san yadda mutum ke jiƙewa daga ciki. Matsalar ta daɗe ba ta warwaru ba sai a 1969, lokacin da Bob Gore a jihar Delaware ta Amurka ya fizgi sandar wata roba mai zafi, irin wadda ake shafa wa kaskon da abinci ba ya kamawa, ta miƙe ta zama tantani mai ƙananan ƙofofi bila adadin. Ƙofofin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin zufa yana ratsa su. Wannan ne Gore-Tex, wanda ya shiga kasuwa a 1976. Yau kamfanoni da dama suna da nasu tantanin: Columbia na da Omni-Tech, The North Face na da DryVent, Regatta na da Isotex, kuma da yawa daga cikin masu araha shafen wata robar ne a bayan yadin.

Riga mai kyau kariya biyu gare ta. Tantanin yana ciki, ba ka ganinsa, kuma shi ne ainihin mai tsare ruwa. A waje akwai yadin nailan ko foliyesta da aka shafa wa wani magani mai korar ruwa, wanda za ka ga an rubuta DWR a takardar rigar. Idan maganin na aiki, ruwa yana dunƙulewa ya gangare kamar a kan ganyen gwaza. Idan ya gaji, yadin waje zai sha ruwa ya yi duhu ya yi nauyi, ya toshe wa zufa hanya, sai ka ji danshi da sanyi a kafaɗa ka rantse rigar yoyo take yi. Sau da yawa ba yoyo ba ne, guminka ne ya rasa mafita. An zubar da riguna masu kyau da yawa a kan wannan kuskuren fahimtar, alhali wanki da ɗan zafi kawai suke bukata.

A shago, kada kauri ya ruɗe ka, karanta takarda. Idan an rubuta "water-resistant" ko "showerproof", rigar za ta kai ka daga ƙofa zuwa tashar bas ne kawai. Wadda kake nema ita ce aka rubuta wa "waterproof", kuma galibi za ka ga wata lamba da milimita a gefe. Lambar tana nufin tsayin ruwan da za a iya tarawa a bututu a kan yadin kafin ya fara naso. Daga 1,500 ake fara kiran yadi mai tsare ruwa, amma ni ba na ba kowa shawarar ƙasa da 5,000 ko don yawon cikin gari. Mai kai saƙon abinci a keke, ko mai gadi, ko ma'aikaciyar kula da tsofaffi da ke bi gida gida a ƙafa, su nemi 10,000 zuwa sama. Ta 20,000 ta masu hawan duwatsu ce, bar musu kayansu. Bayan lamba, juya rigar ka duba ɗinki. Kowace huda ta allura ƙofa ce ga ruwa, don haka riga ta gaske an bi ɗinkinta da wani siririn tef an manne daga ciki. Idan babu tef, ajiye ta, komai kyan sunan da ke ƙirjinta. Duba kuma ko zif yana da marufi, ko hular rigar tana da igiyar ɗaurewa, don hular da ba ta ɗauruwa iska ce ke da ita.

Rigar ruwa ba ta ɗumama jiki, kuma ba aikinta ba ne. Ɗumi daga abin da ke ƙarƙashinta yake zuwa, kuma a nan ne auduga, wadda ita ce rufin asirinmu a zafin gida, take juya mana baya. Singiletin auduga yana shan zufa ya riƙe, ya kwanta a fata da sanyi. Sa na foliyesta ko na ulu a jikin fata, ka ɗora suwaita ko rigar nan mai laushi da ake kira filis, sannan rigar ruwa a sama. Amfanin hawa uku shi ne kana iya ragewa: jirgin ƙasa da aji da shago duk a ɗumame suke, kuma mai jibgegiyar riga ɗaya tak zai yi ta gumi a ciki ya fito waje iska ta kaɗa shi. Rigunan nan masu kumburi da aka cusa wa gashin agwagwa ko na dinya suna da ɗumi ƙwarai a busasshen sanyi, amma da gashin ya jiƙe sai ya cure, ɗumin ya tafi.

Akwai abin da masu shago ba za su tuna maka ba, domin ba su san shigarmu ba. Ranar Juma'a ko Lahadi ko ranar suna, mutum zai so ya sa kaftaninsa, kuma shadda mai sitaci ba ta ga maciji da yayyafi. Gajeriyar riga mai tsayawa a ƙugu za ta bar rabin kaftanin a waje, har ma ruwan da ke gangarowa daga jikinta a kansa zai sauka. Sayi mai tsayi zuwa gwiwa, kuma wadda ta ɗan fi ka girma. Ke kuma 'yar'uwa, gwada hular rigar a kan hijabinki ko ɗaurin ɗankwalinki tun a shago, don wasu hulunan ba sa rufewa. Bakin abaya ko zane da ke share ƙasa yana jan ruwa ya hau da shi har ƙwauri. Rage masa ɗan tsayi ya fi sauƙi a kan wuni da jiƙaƙƙen tufa. Takalmi ma ya zama mai tsare ruwa, kuma bayan alwala a goge ƙafa sosai kafin a mai da safa. Ana sayar da safa mai tsare ruwa, irin ta Sealskinz, kuma za ka ji wasu suna shafa a kanta a maimakon wanke ƙafa. Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kai, ta sharɗanta huffi na fata, wasu malaman kuma sun sassauta. Wannan tambayar malaminka ce, ba ta mai shago ba.

Yara kuwa, makarantun nan suna fitar da su wasa ko ana yayyafi. A nemo musu riga da wandon ruwa da takalmin roba, a rubuta suna a ciki, kuma a zaɓi mai ɗan ƙyalli a jiki, domin a watan Disamba tun wajen ƙarfe 4 na yamma rana take faɗuwa.

Sai wanki. Mutane da yawa suna tsoron wanke rigar ruwa kada ta lalace, alhali dauɗa ce ke kashe ta. Mu kuma muna da ƙarin dalili: sanyi na busar mana da fata, muna laftar man shafawa, basilin ko man kaɗanya, ga turare mai maiƙo, kuma duk a wuyan riga da bakin hannu suke ƙarewa. Maiƙo yana danne maganin korar ruwa, a hankali kuma ya ɓamɓare tantanin daga jikin yadi. Mayafin wuya tsakanin fata da riga yana rage ɓarnar. Idan za ka wanke, ja duk zif ɗin, bi ma'aunin zafin da ke takardar, yawanci digiri 30 ko 40, ka sa sabulun ruwa kaɗan ko na musamman irin na Nikwax ko Grangers. Ban da omo na gari, ban da bilic, kuma ban da ruwan nan mai ƙamshi na tausasa tufafi, shi ne babban makashin rigar. A ɗauraye sau biyu, kada a murɗe. Bayan ta bushe, sa ta a injin busar da kaya a zafi kaɗan na kamar minti 20 idan takardar ta yarda, ko ka shimfiɗa tawul a kai ka bi da dutsen guga mai ɗumi ba tare da tururi ba. Zafin ne ke tayar da maganin. Yayyafa mata ruwa ka gani: in ya dunƙule, shi ke nan, in ya shige, lokacin sabon shafe ya yi, ana sayar da shi na fesawa da na zubawa a injin wanki. Na fesawar a yi shi a waje ko a buɗe taga. Kada a cusa jiƙaƙƙiyar riga a jaka a manta, za ta yi fumfuna. In ta yage, a liƙe da tef ɗin gyaran irin wannan yadi, a bar allura.

Za ka riƙa ganin an rubuta cewa riga ba ta da PFC ko PFAS. Shekaru da dama maganin korar ruwa daga wannan dangin sinadarai ake yin sa, kuma ba sa ruɓewa, suna taruwa a ruwan sha da jinin mutane. A 2023 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin masu haddasa ciwon daji. Jihohin New York da California sun hana su a yawancin tufafi daga Janairun 2025, Faransa ma ta yi dokar hana su daga 2026. Sabon shafen da ya maye gurbinsu yana korar ruwa, amma bai kai tsohon jure maiƙo ba, don haka rigar yau ta fi ta da son wanki a kai a kai.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Rigunan Arc'teryx da Rab suna cin fam ɗaruruwa, kuma mai zuwa aji da dawowa bai bukace su ba. Decathlon, Mountain Warehouse, Regatta da Trespass suna da masu kyau a farashin da ɗalibi zai iya, kuma ana karya farashi a ƙarshen Nuwamba da bayan Kirsimeti. Ɗalibi ya tambayi rangwamen katinsa. Gwanjo ma akwai shi a nan, a shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation, da manhajar Vinted. A gwanjo, cikin rigar za ka duba: idan tef ɗin ɗinki ya fara ɗagowa, ko wani farin abu yana marmashewa daga wuya da kafaɗa, ta gama aiki, wanki ba zai dawo da ita ba. Idan sabuwa ka saya, adana rasit. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya masu aibu a dawo maka da kuɗinka, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 na fasa ciniki ko babu aibu. Idan hadari bai gwada maka rigar a makon farko ba, sa ta a kan singileti mai haske, ka ja hula, ka tsaya a ƙarƙashin shawa na 'yan mintoci, sannan ka cire ka duba kafaɗu da bin zif.